Amsoshin Wasiƙunku: Ma'aikatar Jinƙai da Rajistar Talakawa

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo mana a wannan wata yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato tallafin gwamnatin tarayya da ma'aikatar da ake cewa ita ke raba shi. Na zaɓi shida, na rage tsawon wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Ga wanda bai san ni ba, tsohuwar ma'aikaciyar sashen walwalar jama'a ce ni a ƙaramar hukuma a nan Jihar Katsina, na yi ritaya, kuma ba da yawun kowace ma'aikata nake magana ba.

Daga wata uwar marayu, Mai'aduwa

Hajiya, barka da aiki. Mijina ya rasu ya bar mani yara biyar, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekarun baya wasu mutane suka zo garinmu da na'ura a hannu, suka rubuta sunana, suka tambaye ni ɗaki nawa gare mu, da me muke girki, ina muke ɗibar ruwa. Tun daga ranar ban ƙara jin ɗuriyarsu ba. Maƙwabciyata da aka rubuta mu rana ɗaya ta ga naira 25,000 a asusunta, ni ko sisi. Yanzu wani yaro mai shagon caji ya ce in ba shi naira 3,000 ya taɓo mani sunana a Abuja. In ba shi?

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya albarkaci abin da ya bari. Kada ki ba yaron nan ko kwabo. Ki mayar da kuɗinki cikin jarin gyaɗa. Babu abin da zai danna daga shagonsa a Mai'aduwa da zai sa sunanki ya motsa a Abuja, kuma duk wani mataki na wannan tallafi, daga rubuta suna har zuwa karɓar kuɗi, kyauta ne.

Bari in warware maki yadda abin yake tafiya, don na lura rashin sanin hanyar ne ya sa ake cin kuɗin mutanenmu. Waɗanda suka zo da na'ura ba daga Abuja suka zo ba. Akwai kundi da ake kira rajistar talakawa da marasa galihu ta ƙasa. Ofishin tarayya mai suna NASSCO ne yake haɗa ta wuri ɗaya, amma kowace jiha ita take rubuta tata, ta hannun wani ofishi da ake kira SOCU, wanda yake aiki da ɓangaren kasafi da tsare-tsare na jiha. Su kuma suna aiki ne da ma'aikatan ƙananan hukumomi, irinmu. An fara da ƙananan hukumomin da talauci ya fi yi wa katutu, daga baya aka riƙa faɗaɗawa.

Tsarin a takarda mai kyau ne, kuma na zauna a irin waɗannan taruka. Za a yi shela, a taru a ƙofar gidan mai unguwa ko a filin makarantar firamare. Sai a raba jama'a, dattawa gefe, mata gefe, matasa gefe. Kafin a ambaci sunan kowa, kowane rukuni za a tambaye shi: a garin nan, wa kuke kira talaka? Amsar mata ta fi tsaya mani a rai, don ba su yin dogon bayani. Wata za ta ce, wadda ba a ɗora tukunya sau biyu a gidanta. Wata ta ce, wadda sai ta ari zane in za ta suna. Maza kuma su ce, wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin ruwan shuka ya sauka, ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Bayan an yarda da ma'aunin, sai kowane rukuni ya lissafa gidajen da suka hau shi. A haɗa jerin sunayen, a karanta a bainar jama'a, sannan masu na'ura su bi gida gida da tambayoyin da kika ce an yi maki.

A nan ne nake son masu karatu su tsaya su yi tunani, don a wannan zama na yini ɗaya ake cin gari ko a faɗi. Wa ba ya zuwa irin wannan taro? Matar da take takaba. Kurman da bai ji shela ba. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta tashi. Mutanen rugar da take bayan gari, da baƙon da ya zo cin rani ya zauna. Sai kuma mai kunya, wanda ya gwammace ya kwana da yunwa da a kira sunansa a tsakiyar mutane a ce talaka ne. Waɗannan su ne aka kafa tsarin dominsu, kuma su ne suka fi saurin zubewa, sai fa in an sami mai tsoron Allah a cikin taron ya ɗaga hannu ya ce, kun manta da gidan wance. Na ga garin da wata ungozoma ita kaɗai ta sa aka ƙara gidaje da dama, saboda babu ɗakin da ba ta taɓa shiga ba a garin, ta san wanda ke da tabarma da wanda ke kwana a kan buhu. Na kuma ga inda aka cika jeri da 'yan'uwan masu faɗa a ji, kowa ya yi shiru don gudun ɓacin rai.

Ke kin tsallake wannan siraɗi, tunda an rubuta ki. Amma shiga rajista daban, shiga jerin waɗanda za a biya daban. Amsoshin da kika bayar ana zuba su a kwamfuta ta jera gidaje daga wanda ya fi talauci zuwa mai dama-dama, sannan ofishin biyan tallafi na ƙasa ya ɗebi adadin da kuɗinsa zai isa. A tsohon tsari da aka fara a 2016, naira 5,000 ake ba gida a wata, ana haɗa na wata biyu a miƙa naira 10,000 hannu da hannu, yawanci ga uwar gida. Kuɗin sun fito ne daga bashin dala miliyan 500 na Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Wanda maƙwabciyarki ta samu sabo ne, wanda aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 bayan cire tallafin mai: naira 25,000 sau uku, ga gidaje miliyan 15. Shi ba a miƙa shi a hannu. Ta asusu ake turawa, kuma sai an tantance mutum da lambar NIN.

Abin da ya fi tare matanmu a wannan mataki shi ne saɓanin suna. A rajista an rubuta mace da sunan da ake kiranta a gida, Indo ko Kulu ko Ladi, da sunan miji a baya. A katin ɗan ƙasa kuma sunan yanka ne da sunan mahaifi. A banki wataƙila wani rubutun ne na uku. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ce. Na biyu, layin waya. Da yawa lambar miji ko ta ɗa suka bayar, layin ya ɓata ko an rufe shi. Ke da maigidanki ya rasu, ki tuna da kyau lambar wa kika bayar ranar.

Ga abin da za ki yi. Ki sa a duba maki lambar NIN ɗinki ta hanyar danna *346# a layin da kika yi rajista da shi, da BVN ta *565*0#, ki tabbatar sunan da ke jikinsu iri ɗaya ne. Sai ki tafi sakatariyar ƙaramar hukuma ki nemi jami'in da ke kula da shirin tallafin kuɗi, ki ce kin zo shigar da ƙorafi. Tsarin ya tanadi mai karɓar ƙorafi, aikinsa ke nan, ba alfarma zai yi maki ba. Ki tsaya sai an rubuta a gabanki. In kuna da yawa a garin da abin ya shafa, ku tafi tare, da mai unguwa in zai yiwu. Mace ɗaya ana ce mata ta dawo gobe, mata goma sha ana nema masu kujera.

Ba zan yi maki alkawarin kuɗin za su fito ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Najeriya, kashi 63 cikin 100 na jama'a, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ko da ba a saci naira ɗaya ba, abin da aka ware ba zai kai ga kowa ba. Amma gyaran sunanki ba asara ba ne, don da wannan rajista wasu shirye-shiryen gwamnati da na ƙungiyoyin agaji suke amfani in za su zaɓi mutane.

Daga wani ɗalibi, Daura

Mama, ina gaisuwa. An ba mu aikin gida a makaranta kan Ma'aikatar Jinƙai, sai na ga kowace takarda da sunan da take kiranta. Yaushe aka kafa ta, kuma mene ne ainihin aikinta?

Amsa: Ɗana, ɗan garinku ne ya kafa ta. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙirƙiro ta a watan Agusta na 2019, a farkon wa'adinsa na biyu, da sunan Ma'aikatar Jinƙai, Kula da Bala'o'i da Ci Gaban Al'umma. Ministarta ta farko ita ce Sadiya Umar Farouq daga Zamfara, wadda kafin nan take shugabantar hukumar kula da 'yan gudun hijira. Dalilin kafa ta shi ne a tara ayyukan da suke warwatse a ƙarƙashin inuwa ɗaya: agajin waɗanda rikici ko ambaliya ta raba da gidajensu, kula da masu buƙata ta musamman da tsofaffi, da kuma shirye-shiryen nan huɗu da aka fara a 2016 a ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, wato N-Power, tallafin kuɗi ga gidaje, ƙananan basussuka irin su TraderMoni, da ciyar da 'yan firamare.

Da Shugaba Bola Tinubu ya hau a 2023 aka sauya sunan, aka sa maganar yaƙi da talauci a cikinsa, aka naɗa Betta Edu. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da ita bayan fitowar wata takarda da ke neman a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum. A wannan watan kuma aka dakatar da shirye-shiryen huɗu gaba ɗaya don a yi bincike. Ma'aikatar ta zauna ba minista har watan Oktoba na 2024 da aka naɗa Nentawe Yilwatda, shi ma ya bar kujerar a Yuli na 2025 da ya zama shugaban jam'iyyar APC na ƙasa.

Wannan ya ishe ka amsa malaminka. Amma ka ƙara da abin da ba za ka gani a takarda ba. Bincike wajibi ne, ban musa ba. Sai dai in aka rufe shiri a Abuja saboda zargin da ake yi wa manya, wanda ya fara ji a jikinsa bai san ma an yi ba. Shirin ciyarwa na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne, an fara shi da naira 70 kan kowane yaro, kuma matan unguwa ne masu dafawa. Na san waɗanda suka ci bashi suka sayi manyan tukwane da kuloli saboda wannan aiki. Na san kuma malaman ƙauye da suke cewa ranar da abinci ya zo aji cika yake, ranar da bai zo ba rabin yara suna talla ko suna gona. Ma'aikatar da aka ɗora wa nauyin mafi raunin mutane ita ce ya kamata ta fi kowace zama daram, ga shi ita ce ta fi yawan sauyin hannu.

Daga wani matashi, Ƙofar Marusa, Katsina

Hajiya, ni gurgu ne tun ina ƙarami, shan inna ce ta taɓa ni, da keken hannu nake yawo. Na yi NCE na gama. Na je ganawar neman aiki a wata ma'aikata, aka ce a bene ake yi, sai da abokina ya goya ni ya hau da ni. Da na shiga, ɗaya daga cikinsu ya ciro naira 500 ya miƙo mani tun ban buɗe baki ba. Na ji an ce akwai dokar da ta ba mu kaso a aikin gwamnati. Gaskiya ne ko zancen rediyo ne?

Amsa: Ɗana, na karanta wasiƙarka sau da yawa. Allah Ya saka wa abokinka da alheri. Wanda ya miƙo maka kuɗin nan wataƙila a ransa alheri ya yi, amma ya ci mutuncinka, kuma irin wannan tunani shi ne babbar katangar da ke gabanku, ya fi benen tsawo. Mun taso mun ga makaho da ɗan jagora, gurgu a ƙofar masallaci, har zuciyarmu ta saba cewa tsakaninmu da su sadaka ce kawai.

Dokar gaskiya ce. Majalisa ta zartar da ita a 2018, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Janairu na 2019, bayan shekaru masu yawa ana kai ruwa rana a kanta. Ta haramta nuna wa mutum bambanci saboda nakasa, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata, kuma wanda aka zalunta yana da damar kai ƙara kotu da kansa. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu buƙata ta musamman. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar hawan keke da sauran gyare-gyare, wa'adin ya cika a Janairu na 2024. Ta ba ku ilimi kyauta har zuwa sakandare, da fifiko a layi. Ta kuma haramta a ɗauki nakasasshe a riƙa yawon bara da shi. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa don ta bi diddigin dokar, a ƙarƙashin Ma'aikatar Jinƙai, kuma James Lalu, wanda shi kansa kurma ne, shi ya fara riƙe ta.

To amma ka zagaya gari ka ƙirga gine-ginen da kekenka zai shiga ba tare da an ɗaga ka ba. Wasu an yi masu gangara don a ce an yi, mai tsayin da ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Doka ba ta aiki da kanta, sai an sami masu ɗaga ta.

Shawarata uku ce, kuma ta farko ta fi nauyi. Kada ka yi wannan fafutuka kai kaɗai. Ƙungiyar haɗin gwiwar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, tana da reshe a jiha. Ka shiga, ka riƙa zuwa taro. Muna kuma da tsarin da muka gada wanda wasu sassan ƙasar nan ba su da shi: Sarkin Guragu, Sarkin Makafi, Sarkin Kutare, masu rawani da fada ta sani. An daɗe ana tuna su ne kawai ranar rabon shinkafar azumi. Ina ganin lokaci ya yi da ku masu ilimi za ku zauna kusa da su, ku zama masu rubuta masu takarda, domin wasiƙar da ta fito da hatimin sarauta da jerin sunayen masu NCE da digiri ba a jefa ta a kwandon shara da sauƙi.

Na biyu, ka nemi takardar shaidar nakasa ta hannun hukumar, ka haɗa ta da takardunka. Duk lokacin da wata hukumar tarayya ta yi sanarwar ɗaukar ma'aikata, ka rubuta a takardar nemanka cewa kana nema ne a ƙarƙashin kason da dokar 2018 ta tanada. A jihar nan muna da hukumomin tarayya da dama da dokar ta hau kansu, kamar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da Kwalejin Fasaha da Jami'ar Sufuri a Daura.

Na uku, in aka sake kiranka ganawa, ka rubuta tun kafin ranar cewa da keke kake tafiya, kana roƙon a yi taka a ƙasa. Ka ajiye kwafi. In suka ƙi, kana da abin nunawa. Abin da ya faru da kai kuma ka rubuta shi da kwanan wata da sunan wanda ya shaida, ka kai wa ƙungiya da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam na jiha.

Bari in yi amfani da wannan dama in yi kira ga iyaye. Akwai makarantar makafi ta gwamnati a Katsina, akwai ta kurame a Malumfashi. Hukumar JAMB ma tana da cibiyoyi na musamman da makafi ke rubuta jarrabawar shiga jami'a, har da Kano. Yaron da aka ɓoye a ɗaki don kada a gan shi, babu kason aikin da zai same shi in ya girma.

Daga wata matashiya, Funtuwa

Anti, an turo mani saƙo a WhatsApp cewa an buɗe sabon N-Power, in shiga wani shafi in sa lambar katin ATM ɗina a tura mani kuɗin farko. Da hoton tambarin gwamnati a jiki.

Amsa: 'Yata, ki goge shi, kada kuma ki tura wa kowa. Tambarin gwamnati kowa na iya kwafowa. Tun da aka fara N-Power a 2016, ga matasa 'yan shekara 18 zuwa 35, da alawus na naira 30,000 ga masu digiri da NCE, ba a taɓa sayar da fom ɗinsa ba, kuma mai son tura maki kuɗi ba ya buƙatar lambar jikin katinki, ko lambar sirri, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo. Wanda ya nemi waɗannan cirewa zai yi. In an buɗe da gaske za ki ji a labaran rediyo. In kin riga kin sa lambar, ki je banki yau a rufe katin.

Daga wani magidanci, Ɓaure

Hajiya, mahaifina ya haura tamanin, manomi ne, bai taɓa aikin gwamnati ba. An ce akwai albashin tsofaffi da gwamnatin tarayya ke biya. Ina ake rubuta suna?

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta da wani albashi na wata-wata da take biyan duk wanda ya tsufa. Abin da yake akwai shi ne Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021 a ƙarƙashin wannan ma'aikata, kuma aikinta ya fi karkata ga tsare-tsare da horar da masu kula da tsofaffi. Hanyar da ta fi kusa da ku ita ce a tabbatar gidansa yana cikin rajistar da na yi bayani a sama, a yi masa NIN in ba shi da shi, sannan a kai sunansa ga kwamitin zakka na gundumarku ta hannun mai gari da liman.

Daga wani baƙo a bayan gari, Katsina

Hajiya, mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Batsari. Ɓarayin daji suka tashe mu, suka kwashe shanu, suka ƙone rumbuna. Yanzu muna zaune a wani kango da mai shi ya ba mu aro, gida huɗu a ciki, ba ƙofa ba taga. Ina tura ruwa a kura. Mun ji ana raba kayan abinci ga 'yan gudun hijira, amma in mun je sai a ce ba mu cikin lissafi tunda ba a sansani muke ba. Ƙaramin ɗana kuma ya rame, gashin kanshi ya yi ja, ƙafafunshi sun fara kumbura.

Amsa: Malam, Allah Ya mayar maku da alheri, Ya ba mu zaman lafiya. Wanda ya ce maku sai mazaunin sansani ne ɗan gudun hijira bai faɗi daidai ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta ƙasashen Afirka kan mutanen da aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, kuma abin da ake dubawa shi ne an tilasta maka barin gidanka, ba inda ka sauka ba. A jihar nan ma mafi yawan waɗanda suka gudo daga Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume ba a sansani suke ba. Suna gidajen 'yan'uwa da kangaye irin naku, wasu sun tsallaka har yankin Maraɗi. Hakan ya rufa wa mutane asiri ta wani ɓangare, amma ya sa ba a ganinsu, kuma wanda ba a gani ba a ƙirga shi.

Hukumar tarayya da wannan nauyi ke kanta ita ce ta kula da 'yan gudun hijira da baƙin haure, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Jinƙai. Akwai kuma NEMA ta agajin gaggawa, da takwararta ta jiha, SEMA. Dukkansu da jerin sunaye suke aiki, kuma jerin daga ƙasa yake tasowa. Don haka ku rubuta naku da kanku. Ku gida huɗun nan, da duk 'yan garinku da kuka san inda suka sauka, ku samu littafi ku rubuta sunan kowane magidanci, yawan iyalinsa, garin da ya baro, watan da ya baro shi, da inda yake zaune yanzu. Ku ware zawarawa da marayu da masu ciki da nakasassu a shafi daban. Mai garinku na asali, in yana raye kuma kun san inda yake, ya sa hannu. Mai unguwar da kuke zaune a ƙasarsa shi ma ya sa. Sai ku kai kwafi ofishin SEMA, kwafi sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukumar Katsina, kwafi na Batsari, ku riƙe na asali. Ku zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su zama masu bibiya. Wanda katinsa na ɗan ƙasa ya ƙone kada ya sake sabuwar rajista, lambarsa tana nan, a ofishin hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, za a ciro masa ita. Yaran da suka isa makaranta ku kai su firamaren unguwar, ba a buƙatar su zama 'yan asalin wurin.

Maganar yaron kuwa ba ta jiran takarda. Jan gashi da kumburin ƙafa alamun tamowa ce mai tsanani, kuma kumburin ya fi ramar haɗari, ko da ido zai ga kamar ƙiba ce. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce sai an sami kuɗin mota gobe ko jibi. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da ma'aikatar lafiya ta jiha wajen kula da yara masu tamowa a cikin birnin Katsina, kuma ba a biyan kuɗin magani ko na abincin da ake ba yaro. Ka je asibitin gwamnati mafi kusa da kai da sassafe, ka nuna masu ƙafafun, ka ce a auna damtsensa, za su tura ku inda ake kwantarwa. Mahaifiyarsa ta tafi da shirin kwana, kuma ku tafi da sauran ƙananan yaran gidan huɗu a auna su gaba ɗaya.